Fatsa a Randar Gwaggo

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyyar mantawa tsofaffin unguwarmu Karantina ba za su ƙyale ni ba, da ranar da gwanintata ta kai ni gaban liman. Yawancin mutane jahilci ne ke ba su kunya. Ni ilimi ne ya ba ni, ilimin da ko a mafarki ba shi da amfani a Jidda.

Lokacin ana aikin faɗaɗa tashar jiragen ruwa, Turawa sun cika gari, ni kuma na samu aikin kuku a gidan wani injiniya. Hawaja muke ce masa, kamar yadda ake ce wa kowane Bature a nan. Dogo ne, ja wur, kullum sharkaf da gumi. Ba shi da iyali a nan, ba shi da abokan hira. Da ya dawo daga aiki ya ci abinci, sai ya kashe fanka (a zafin Jidda fa!) don kada iska ta watsa masa kaya, ya buɗe wani akwati cike da gashin tsuntsaye da zare kala-kala da ƙugiyoyin fatsa, ya duƙufa. Zai ɗauki ƙugiya ya naɗe ta da zare, ya ɗaura mata gashin zakara, ya yi mata wutsiya, ya ɗaga ta sama yana murmushi shi kaɗai. Wai ƙuda ke nan. Ni dai na ga ƙudaje a rayuwata, don a Karantina na girma, amma ban taɓa cin karo da mai jar wutsiya ba.

Da Larabcinsa na kame-kame ya yi mini bayani. A ƙasarsu akwai wani kifi da suke ce wa samon, yana barin teku ya hau kogi, kuma duk shekara in ya tafi hutu shi yake zuwa nema. Sirrin abin, in ji shi, ba a ado yake ba, a nauyi yake. A ƙarshen hunturu, idan ƙanƙara ta fara narkewa kogi ya cika yana gudu, kifin can ƙasa yake kwanciya, ba ya tasowa don kowa. To sai ka naɗa wa ƙugiya siririyar wayar dalma kafin ka rufe ta da zare, ka ɗaura ta a gajeren zaren roba mai kauri, don ta nutse ta same shi har inda yake. In zafi ya shigo, ruwa ya ja baya ya yi garau, sai ƙaramin ƙuda marar dalma da dogon zare siriri, ya sauka a hankali kada kifi ya firgita. In kuma ruwan sama ya fara saukowa kogi ya soma ƙaruwa, sai tsaka-tsaki. Kowanne da gwangwaninsa. Idan ya gama ɗaura sabo sai ya tara ruwa a bahon wanka, ya sake shi a ciki, yana ƙirga a hankali har ya kai ƙasa, don ya san saurin nutsewarsa.

Da farko kallo nake yi ina dariya a zuci. Wata rana ya ce in riƙe masa bakin zare, kashegari ya ce in gwada naɗa dalmar. Yatsunsa masu kauri ne kuma gumi na sa su santsi, ni kuwa na taɓa ɗinkin hula ina yaro. Na naɗa, na ɗaure, na miƙa masa. Ya jujjuya abin a gaban fitila ya ce, "Kwayyis! Inta mu'allim!" Wato ya yi kyau, ni gwani ne.

Jama'a, wannan kalma ita ta ɓata ni. Ba a taɓa ce mini gwani a kan wani abu ba, ko girkin da ake biya na dominsa. Daga ranar na fara tafiya a lungunan unguwa ina kallon mutane da tausayi. Ga masu ɗaukar kaya, ga masu wanki, ga masu shara, bayin Allah, babu wanda ya san nauyin dalmar da ake bukata a kogin hunturu sai ni. Ni ɗin da ban taɓa ganin kogi ba in ban da ambaliyar da ke cika lungunmu idan an yi ruwa, kuma ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake sarewa a sa a ruwan sha.

Yanzu bari in gabatar muku da Gwaggo. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni tun da iyayena suka rasu, kuma da koko da ƙosai ta yi hakan. Kullum da asuba tana ƙofar gidanmu na kwano da katako, leburorin tasha suna layi da kwanukansu kafin motar aiki ta zo. Ba ta da jari sai suna. Kowa ya san kokon Gwaggo da tsabta, kuma tsabtar daga randa take farawa. Wata ƙatuwar randa ce da ta kai mini ƙugu, an rufe ta da faifai da farin ƙyalle, saƙƙa mai kawo ruwa a garwa shi ke cika ta. Hannun mutum ba ya shiga ciki, sai moɗa, ita ma moɗar tana da ƙusar da ake rataye ta. Na sha dukan randar nan ina yaro fiye da dukan makarantar allo.

Hutun Hawaja ya gabato, sai na ƙudurta zan yi masa kyautar da zai riƙa tunawa da ni a bakin koginsu. Zan ɗaura masa wani ƙuda na hunturu wanda ni na ƙirƙiro shi, baƙin gashi, jan zare, dalma ninki biyu. Na kwaso guntayen kayan da ya ce in zubar, na kawo gida na ɗaura. Ya yi kyau, wallahi, har yau ina faɗa. Saura gwaji. To a gidanmu babu bahon wanka, da gwangwani muke yi. Bokiti kuwa kafin ka ce ɗaya abin ya kai ƙasa. Teku na nan kusa, na sani, kada ku tambaye ni. Ina tsoron masunta su gan ni su yi mini dariya. A duk faɗin Karantina ruwa mai zurfi, mai tsabta, wanda ba ya motsi kuma babu idon kowa a kansa, guda ɗaya ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Gwaggo ta tafi barka unguwar Mahjar. Na ɗage farin ƙyallen da bismilla (ban san abin da ya sa na yi bismillar ba). Zaren mai kauri ya ƙare mini, sai na ɗaura ƙudan nawa mai nauyi a siririn zaren bazara, abin da Hawaja ya sha hana ni. Na sake shi a ruwa ina ƙirga. Ya nutse tiryan-tiryan, gashin na buɗewa, gwanin sha'awa. Na jawo, na sake. Na jawo, na sake. Ina cikin haka sai na ji muryar Gwaggo a ƙofa tana sallama da maƙwabciya. Na fizgo da ƙarfi, ƙugiya ta maƙale a wuyan randa, zare ya tsinke, ƙuda ya koma ciki. Ya kuwa yi aikin da na ɗaura shi ya yi, ya tafi can ƙasa bai tsaya ko'ina ba.

Na mayar da faifai, na gyara ƙyalle, na zauna ina goge takalmin da ba shi da datti. Na ce a raina ba komai, mai nauyi ne, ba zai taso ba, ranar da za a wanke randa sai in cire. Na so in ce zan wanke mata, amma tun da nake ban taɓa neman wani aikin gida da kaina ba, kuma Gwaggo ba yarinya ba ce.

Abin da ilimina bai hango ba shi ne famfon da ake ɗibar ruwa zai ƙafe. Saƙƙa bai zo ba, ruwa ya yi ƙasa, kuma wata asuba Gwaggo ta karkata randa ta kwashe na gindi da hasken 'yar fitila, ta tafasa, ta sheƙa a gasara. Ni na riga na tafi aiki. Ƙudana ya fito a ludayin Malam Ishaƙa, shugaban leburori, Bahaushen Sudan, mutumin da in ya yi raɗa ana ji a lungu na gaba. Aka ce ya ɗaga abin sama koko na ɗiga, ya ce, "La haula! Ish hada, Hajiya? Me kike ba mu muna sha?"

Kafin in dawo da yamma unguwa ta gama fassara aikina. Ƙugiya, don a kamo masu saye. Dalma, don wanda ya zauna ya kasa tashi ya koma wani wuri. Baƙin gashin kaza da jan zare kuwa ba sa bukatar bayani, kowa ya san ba kayan miya ba ne. Mutanen da suka shekara suna shan kokon nan saboda daɗinsa, kowa ya tuna cewa dama ya daɗe yana mamakin yadda ƙafarsa ke kai shi can ba da saninsa ba. Wani ya ce shi ya sa in matarsa ta dama masa a gida ba ya iya sha. Aka naɗe ƙudan a tsumma aka kai wa liman.

Na tarar da Gwaggo zaune a gaban tukunya cike, ƙosai ya huce a kwando. Ban taɓa ganinta tana kuka ba sai ranar. Ta ce, "Ɗan nan, ka ji abin da ake faɗa a kaina? Ni? Ni da ko layar ciwon kai ban taɓa ratayawa ba?"

A nan ne ya kamata in buɗe baki. Na buɗe kuwa. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya tona asirin azzalumin da ya yi miki wannan, Gwaggo."

Ta ce, "Amin, ɗan nan. Amin."

Ba mugunta ta hana ni magana ba, kunya ce. Yaya ƙato kamata zai ce yana fatsa a randa? Na ce a raina surutu ne, zai wuce. Bai wuce ba. Kashegari ta dama koko kamar kullum, ta fito ta zauna, leburori suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen hanya suna kallon ƙasa. Da rana ta yi ta juye shi a kwatarniya don awaki, maƙwabciya ta fito da gudu ta kore nata. Ga kuma abin da kowa ke tsoro ba ya faɗa, a ƙasar nan maganar sihiri in ta kai kunnen hukuma ba a unguwa take ƙarewa ba. Gwaggo da kanta ta je wurin liman ta ce a tara mutane bayan la'asar, za ta dafa Alƙur'ani.

Na nemi izini a wurin aiki na zo. Ina so in gaya muku cewa na zo ne da niyyar in miƙe in wanke ta, kuma da gaske da niyyar na fito. Sai dai da na ga taron da ke ƙofar masallaci, dattawa a kan tabarma, leburori a tsaye, mata daga nesa, sai niyyar ta zauna a bayan sahu tare da ni.

Liman dattijo ne mai sanyin hali. Ya warware tsumman da bakin sanda, bai taɓa da hannu ba. Ga ƙudana nan, ya sha tafasa, gashin ya manne, zare ya ɗan warware har dalma ta bayyana. Mutane suka leƙa suna neman tsari. Malam Ishaƙa ya duƙa ya ƙare masa kallo, ya tsuke baki ya ce, "Ni fa na ga irin waɗannan a Sudan. Wannan ko bokan ma ɗan koyo ne. Ku dubi yadda ya lafta dalma babu lissafi. Aikin banza."

Sai na ji wata murya daga bayan sahu ta ce, da zafi, "Ba ta yi yawa ba. Na hunturu ne."

Muryata ce.

Kawuna suka juyo ɗaya bayan ɗaya. Kwanaki ana cin mutuncin matar da ta raine ni ban tanka ba, amma da aka taɓa naɗin dalmata ko numfashi ban yi ba na ba da amsa. Liman ya ce, "Matso nan, yaro. Na hunturu ne me?"

Na matso. Na ce, "Allah gafarta Malam, ƙuda ne."

"Ƙuda."

"Na kama kifi. Ni na ɗaura shi. Gwadawa nake yi a randa ya tsinke."

Malam Ishaƙa ya ce, "Ya salam! Yana so ya rufa wa gwaggonsa asiri ne. Wane mahaukaci ne zai yi fatsa a randa?"

Kun ji fa. Na faɗi gaskiya, an ƙi yarda, saboda sammu ya fi gaskiyar kama da hankali. Liman ya ce to shi ke nan, tunda na ce gwaji ne, a je in gwada a gani. Haka muka ɗunguma zuwa gidanmu, ina gaba, unguwa na biye. Saƙƙa ya riga ya dawo aiki, randa a cike. Aka turo ta tsakar gida, mutane suka kewaye, wasu a kan katanga. Na ɗauko ragowar kayana daga ƙarƙashin katifa, wanda shi ma bai taimake ni ba, don da aka ga gashin tsuntsaye sai da wata mata ta yi salati.

Na ɗauki na bazara, na sake shi a ruwa. Ya tsaya yana lilo a sama. Na duƙa a kan randa, kuma saboda sabo sai leɓena suka fara motsi.

Liman ya ce, "Me kake karantawa?"

"Ba karatu ba ne, Allah gafarta Malam, ƙirga nake yi."

"To ɗaga murya kowa ya ji."

Na ɗaga. Ƙato da gemu, tsugune a kan randar gwaggonsa, riƙe da zare, yana ƙirga kamar ɗan makaranta, unguwa guda na jiran gashin kaza ya nutse. Da ya kai ƙasa na ɗaura mai dalma, ya tafi da sauri. Na fara bayanin ƙanƙara da kogi da kifin da ke kwanciya a ƙasa, kuma ku yarda da ni, har a lokacin akwai ɗan alfahari a muryata.

Liman ya saurara har na gama. Ya ce, "Tayyib. Wannan kogi, ka taɓa zuwa?"

"A'a."

"Kifin fa, ka taɓa gani?"

"A hoto."

"Kuma gashin kaza yake ci?"

A nan ma da na yi shiru da ya fi. Amma Hawaja ya gaya mini, kuma ni mu'allim ne. Na ce, "A gaskiya, Allah gafarta Malam, in ya shigo kogi ba ya cin komai ma. Haushi ne kawai ke sa ya cafka."

Liman ya shafa gemu. Ya ce, "Wato ka ɗaura abin da ba abinci ba, don kifin da ba ya cin abinci, a kogin da ba ka taɓa gani ba, ka zo kana gwadawa a ruwan kokon mutane." Ya juya wurin jama'a ya ce, "Wallahi babu bokan da zai ɓata lokacinsa haka. Hajiya, ba sai kin rantse ba."

Malam Ishaƙa ne ya fara fashewa, ya riƙe ciki ya jingina da bango. Daga nan kowa ya ɗauka, har waɗanda ke kan katanga. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Gwaggo na tsaye a bakin ɗaki tana kallona, kuma na fi son dukan da ta yi mini ina yaro sau dubu a kan wannan kallo. Ta jira aka lafa, ta ce a hankali, "Kana gani na zubar da tukunya, kana gani awaki ma an hana su. Ka ce Allah ya tona asirin azzalumi, na ce amin." Ta gyara mayafinta. "To ka ga bai ɓata lokaci ba."

Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da duk dariyar, kuma na cancance ta. Na durƙusa a gaban mutane na ba ta haƙuri. Ta dai ce in kwashe ruwan nan kaf in wanke mata randa tun rana ba ta faɗi ba.

Da asuba liman ne ya fara miƙo kwanonsa. Malam Ishaƙa na bayansa, ya ce a zuba masa amma a duba ko da kifi. Kafin mako ya zagayo layin ya fi na da, don har daga unguwar Bani Malik ana zuwa a sha koko a ga randar, kuma Gwaggo ke ba da labarin da bakinta, tana ƙara gishiri kullum. Ta yafe mini a ranar da ta fara kwaikwayon yadda nake ƙirga. Sunan da aka laƙaba mini, Sarkin Ruwa, ya bi ni har gidan aurena, 'ya'yana sun girma suna zaton sarauta ce ta gado.

Abin da na koya kuwa ba na dalma ba ne. In aka ce kai mugu ne, babu mai neman shaida, kafin azahar an gama yarda. Amma in kana so a yarda cewa wawa ne kai kurum, sai ka tara unguwa ka gwada musu da hannunka.